Ƙwayar da Na Riƙa Rabawa Kamar Goro

Karatuna bai wuce in gane lambar taksi ba, amma sai da na yi wata shida ina likitanci a unguwar Lalala, can Gabon. Babu wanda ya naɗa ni.

Bayan kullen korona ne. Kasuwa ta buɗe, ni ƙirjina ya ƙi buɗewa. Mutum ya yi tari a bakin shagona, sai zuciyata ta hau bugu, gumi ya jiƙa ni. Likita, wata 'yar Gabon, ta rubuta mini wata doguwar ƙwaya mai tsagi, ana ɓalla ta gida huɗu. Ta ce ɓari ɗaya idan abin ya taso. Sauran bayanin da Faransanci ta yi, na yi ta gyaɗa kai kamar na ji. A farmasi na tarar da layi, kusan kowa kwalin nan yake karɓa, sai na ce ashe abin gari ne.

Ƙwaya ta yi aiki. To, ba a koya mini in kai abu baki a gaban mutane ni kaɗai ba. In ka fasa goro, miƙawa kake. Ranar da na ɓalla ta a bencin ƙofar shago, abokina direban taksi yana zaune. Badamagare ne, ni Bakano, wasa ne tsakaninmu tun kakanni.

"Bakano, rowar har da magani?"

"Ungo, bawana, ko ka daina zare ido."

Matarsa ta rasu a gida lokacin da aka rufe iyaka, bai samu zuwa ba. Tun sannan bai dawo daidai ba. Ya haɗiye, washegari ya dawo. Daga ɓari ya koma rabi. Wasu ma suka fara zuwa karɓa, ni kuwa ina ta jin daɗi ana ce mini dokta.

Wata rana da azahar na shiga gaban motarsa za mu unguwar Okala. A baya mutum uku, har da mace mai goyo. Ina cikin zuba masa surutu sai na ji bai rama zagin ba. Na waiga. Idonsa a rufe, haɓarsa a ƙirji, mota tana karkata zuwa gaban wata babbar motar katako. Na fizgo sitiyari, matar ta kwantsama ihu, muka daki gefen titi.

Ya buɗe ido a hankali. "Lafiya, Bakano?"

Bai ma san an yi ba. Guda sukutum ya sha.

Da safe na ja shi wurin likita, na nemi mai fassara, na faɗi gaskiya. Ta ce ba zai yi tuƙi ba, kuma kada a yanke masa ƙwayar lokaci ɗaya, yana iya faɗuwa yana shure-shure. A hankali za a rage. Sannan ta tambaye ni mutum nawa na ba. Na ɗaga hannu ɗaya, yatsun ba su isa ba. Ta ce duk in kawo su.

Makullin taksin yana aljihuna har yau. Kullum sai ya zo ya zage ni, ya ce yaransa me za su ci, ni ma in rama. Amma na san direbobi, babu wanda ba shi da makulli na biyu. In na zo da safe, kafin in buɗe shago sai na leƙa lungun da ya ajiye motar. In na gan ta, sannan nake juyowa in buɗe shagon.