Ludayin Hagu

A damanar da aka kwashi samarin Garhanga zuwa yaƙin Turawa, Baba ya kifar da ludayin hura a kan rigar baƙo, a zaure, gaban mazan gida duka. Hannunsa na dama ya daɗe yana rawa, amma ranar ce abin ya kunyata shi. Ya tashi ya shige ɗaka, daga nan ya daina zama cin abinci da 'yan'uwansa. Idan Inna, mahaifiyarmu, ta ce za ta ba shi a baki, sai ya kau da kai ya ce, "Ni ba jinjiri ba ne." Muna kallo yana ramewa, takaici kamar ya kashe ni.

Inna ce ta yi dabara. Ta lura wajen juyo ludayi zuwa baki ne hurar ke zuba, don haka ta zaɓi 'ya'yan duma uku a jikin danga, ta kafa turaku, ta ɗaure wuyansu da kaba tun suna ɗanyu, su girma a lanƙwashe, su iske bakin Baba da kansu. Ni aka ɗora wa gadi. Kai, na sha wuya! Ƙawayena na gaɗa a dandali, ni ina korar awaki. Duk da haka akuyar maƙwabta, Allah wadan ta, ta cinye ɗaya, tsutsa ta huda na biyu.

Na ukun ya kai kaka. Lanƙwasasshen duma in an fafe shi ludayi biyu yake bayarwa, na dama da na hagu. Wuƙa na shiga, na daman ya tsage har gindi. Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

Baba ya juya na hagun ya ce, "Da wanga hannu na hagu zan ci gaban mutane? Bari dai wata damana." A ɗaka ya riƙa shan hura da shi, ƙofa a saye, ko ɗigo ba ya zuba. Mun sake shuka duma, amma kafin ya ƙosa mun kai Baba makwancinsa.

Yanzu cokulan ƙarfe ga su tuli a kasuwar Madawa, jikana ma da yatsa biyu yake lanƙwasa su don wasa. Ni kuwa damana guda na yi gadin lanƙwasa ɗaya, kuma ba ta mai da Baba zaure ba.