Amfilifayar Baba Ayuba

Akwai wata Juma'a ta damina da har yau ban manta da ita ba. Ku da kuke mini dariya don ina kwance filogi daga duk kayan da ban gama gyarawa ba, to ku saurara, daga ranar abin ya samo asali.

Lokacin shagona yana Unguwar Shanu, jikin na Iliya mai gyaran fanka. Ran Juma'a in na tafi masallaci shi ke duba mini shago, ran Lahadi in ya tafi coci ni ke duba masa. Muna kuma da alamar da duk layin ya sani: kayan da aka gama ana juya fuskarsa ya kalli ƙofa, wanda ba a gama ba yana kallon bango. In mai kaya ya zo ba ka nan, maƙwabci ya duba fuska kawai ya miƙa masa.

Cikin makon wani dattijo daga Malali, Baba Ayuba, ya kawo mini amfilifayar jitarsa, wato akwatin da ke ƙara mata murya. Ya yi kiɗa a otal-otal tun muna goye, daga baya ya koma kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Amfilifayar ta girme ni, irin mai kwalabe a ciki ce, waɗanda ke yin ja in sun ɗau zafi. Sifikarta ta yage, sai ɗansa da ke Ingila ya aiko masa da sabuwa mai tsadar gaske, wadda aka ƙera musamman don irin waɗannan tsofaffin akwatuna. Maganaɗisun bayanta kaɗai in ya matse maka yatsa sai ka kira sunan uwarka.

Ya ce, "Sule, jikata za a ɗaura wa aure ran Asabar. Ina so in kaɗa mata da muryar da na kaɗa wa kakarta. Ka riƙe mini ita da hannu biyu."

Sa sifika ba wahala gare shi ba, natsuwa yake so. Sai ka tabbatar ƙarfinta ya dace da na akwatin, kuma ba a kunna mai kwalabe babu sifika a jone, taransifomarta ƙonewa take yi. Kusoshin ma a hankali ake ɗaure su, ɗaya nan ɗaya can, kada bakin ya karkace. Na gama gab da sallar Juma'a, na juyo da ita ta kalli ƙofa don in tsaya daga waje in ji sautin. Kai, wallahi murya! Har Iliya ya leƙo yana cewa wannan tsohuwa ta koma budurwa.

Na zagaya baya zan kashe ta, bayan hannuna ya taɓa ƙarfen jikinta. Wuta ta fizge ni har kafaɗa. Na ɗora testa, abin gwada wuta, ta kawo ja jawur. Wani ɗan ƙaramin abu ne a ciki ya lalace yana zuba wuta cikin ƙarfen, ga filogin irin na da, mai ƙafa biyu, babu wayar da za ta kwashe wutar ta kai ƙasa. Ga wanda bai sani ba, tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wannan ƙarfen ta wayar da ake jonawa. Duk wanda ya ɗora yatsa a kansu, shi ne wayar ƙasan.

Na zare filogin, na ce in na dawo daga masallaci zan gyara. Ana ta kiran salla, hannuna yana zugi, na yi alwala na fita. Ita kuwa tana nan tana kallon ƙofa.

Da na dawo sai na ga wurinta wayam. Iliya ya fito yana murmushi ya ce, "Baba ya zo, na ɗora masa a Keke. Ya ce yanzu za su yi gwajin waƙoƙin bikin a cocinsu."

Inna lillahi! Na san abin da Iliya bai sani ba: Baba Ayuba ba ya kiɗa da takalmi, cewa yake ta tafin ƙafa yake jin sauti. Kuma an kwana ana ruwa, daɓen cocinsu na siminti ne mai tsatstsafo da laima. Na kira wayarsa, tana ta ringin ba a ɗauka. Na ce, "Iliya, akwatin nan kisa zai yi. Hau!"

Muka hau mashin ɗina. Kun san titi bayan sallar Juma'a, ga motoci, ga masu naɗe tabarmi, ga masu talla. Iliya a bayana yana ihu, "A ba mu hanya don Allah, rai ne!" yana ta sake kiran wayar. Ni kuwa ba abin da nake gani sai dattijon nan a miƙe a ƙasa, jitar manne da hannunsa, da yadda zan kalli jikarsa. Da muka shiga layin cocin na kasa kunne, shiru, babu kiɗa. Shirun ya fi komai tsorata ni, don ban sani ba ko ba a fara ba ne, ko kuwa an riga an gama.

Ashe wuta aka ɗauke. A bakin ƙofa wani mutum yana ta jan igiyar janareta tana tari. Na afka ciki. Ga Baba a zaune, takalmansa a gefe, ƙafafunsa a kan siminti, jita a cinya, yatsunsa a kan tsirkiya. Amfilifayar a jone, an riga an danna makunni, wuta kawai ake jira.

Na ƙwala ihu, "Baba, saki jitar!" Ya tsaya yana kallona, bai saki ba. Na tsallake benci na fizge filogin daga bango. Ban ko miƙe ba fankokin sama suka fara juyawa.

Matan da suka zo gwajin waƙa suka yi caa, wane ne wannan, me ya shigo da shi. Baba ya ce, "Sule, lafiyarka kuwa?" Na karɓi jitar na kwantar a benci, na ce kowa ya matsa, na mayar da filogin, na ɗora testa a kan tsirkiya. Ta kawo ja. Jikarsa amaryar, wadda ke cikin matan, ta toshe baki da gyalenta, Iliya ya zauna a ƙasa daɓas yana share ido. Baba ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, sannan ya ce, "Ta jima tana ɗan cizona. Na ɗauka halin tsufa ne." Ya jawo takalmansa ya sa.

A nan na gyara ta. Na cire abin da ya lalace, na sa mata waya mai ƙafa uku, na gwada soket ɗin bangon, na sake gwadawa.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu murya tana ruɗin mutane. In aka sa sabuwar sifika akwati ya yi daɗi, kowa sai ya ɗauka lafiya ƙalau yake har ciki. Kuma babu mugu a labarin nan, Iliya kirki ya yi mini, bisa alamar da muka saba. Amma juya fuska ba ya hana kowa jonawa a wuta. Filogin da ke aljihuna ne yake hanawa.

Ran Asabar na je bikin na tsaya daga baya. Baba Ayuba ya zauna, ya sunkuya ya cire takalmi, sannan ya ɗago yana nemana da ido cikin jama'a. Na gyaɗa masa kai. Ni na gyara ta da hannuna, na san lafiyarta lau, amma wallahi ban ja numfashi ba sai da ya ɗora yatsunsa a kan tsirkiyar, na ga yana murmushi.