Jaz Ɗin Baba Bature

Ni 'yar Kaduna ce, kuma a unguwarmu in aka ce mutum yana jaz, magana ta ƙare: asiri yake yi. Matar da ta mallake miji, jaz ta yi. Ɗan tireda da ya kuɗance dare ɗaya, jaz ne. Da wannan ma'anar na gama sakandare, da ita na sauka Riyad lokacin da Gwaggona, nas a wani asibiti a Shumaisi, ta samo mini aiki.

Aikin na kula da wani tsohon Bature ne, ɗan Ingila. 'Yarsa, wadda nake kira Madam, injiniya ce, kuma ita ce kafil ɗina, wato iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunta take. In ta ce tafi, sai filin jirgi. Ranar farko tana nuna mini magungunansa sai ta ce, har da wani ɗaga kai, "Babana ya fi shekara hamsin yana jaz. Shi ne ma shugaban ƙungiyarsu."

Tana fita na kira Gwaggo.

"Gwaggo, gidan boka kika kawo ni."

"Ke dai kin cika gaggawa. Bature da asiri?"

"To su wa suka ƙera jirgin sama?"

"Yi azkar ɗinki ki riƙe aikinki. Kin san wahalar da na sha kafin a ba ki biza?"

Ban faɗa mata kalmar da Madam ta yi amfani da ita ba, fassarar kawai na ba ta. Ina na ga lokacin dogon bayani.

Shi kuwa Baba ga surutu, kuma duk abin da ya faɗa sai ya ƙara tabbatar mini. Wai yana yaro ya gudu daga makaranta ya shiga harkar, a wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Landan, hayaƙi ko tafin hannunka ba ka gani. Wai in ya ɗaga sanda, ƙarti shida sai abin da ya ce. Mata su yi ta tsalle har su zube. Na ce a raina, bori ke nan. Wai ya yi aiki a jirgin ruwa don kawai ya kai Amurka ya ƙaro sani wajen baƙaƙen fata. Na ce ai dama, wajen namu ya samo.

Yatsunsa ba sa hutawa. Tebur, hannun kujera, murfin robar magani, komai sai ya ƙwanƙwasa, leɓensa na motsi kamar mai wuridi. Ƙarƙashin gadonsa kuma akwai wani baƙin akwati mai kewaye. Na tambayi abin da ke ciki, ya kashe mini ido ya ce, "Fatar ɗan maraƙi."

Ran Juma'a na je kasuwar Dira na sayo habbatussauda da turaren wuta, na turara gidan lungu-lungu. Baba ya ce bai taɓa zama a gida mai ƙamshi haka ba.

Wata rana da hantsi, ya gama shan shayi, ya ce, "Jawo akwatin nan. Yau zan fara koya miki."

Halas, shi ke nan. Na shige kicin na ɗauki waya na yi wa Madam saƙon murya da Turancina na sakandare. Na ce na bar aiki, ubanki boka ne, a ƙasar nan kai ake sarewa kan sihiri, ba za a sare nawa a banza ba. Na tura. Na dawo falo na tsaya masa ƙerere.

"Baba, ni Musulma ce. Jaz ɗinka ka riƙe abinka."

"Addininku ya hana?"

"Wane addini ne ya yarda a tara aljanu a akwati?"

Ya sa na maimaita masa abin da jaz ke nufi a garinmu. Sai dariya. Tsohon nan ya yi dariya har haƙoran robarsa suka zamo, na rasa ko ruwa zan ba shi ko duka. Haushi ya sa na shiga ɗakinsa na fizgo akwatin na ɓalle shi da kaina.

Ganga ce. 'Yar ƙaramar ganga mai bakin ƙarfe, da sanduna biyu, da wasu tsintsiyoyin waya.

"Au, makaɗi ne kai? Duk wannan tashin hankalin a kan kiɗa?"

Ya ɗora ta a cinya ya fara sharar fatar da tsintsiyoyin, shuu-caka, shuu-caka. Hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga sai ga shi yana gudu kamar ƙadangare. Ƙafata ta fara bugawa ba da izinina ba. Ya miƙo mini cokula biyu da tire, ya ce in bi shi. Na bi shi, na wuce shi, ya ce in rage gudu, na ce shi ya ƙara.

Muna tsakiyar haka na tuna saƙon. Na duba waya. Ta riga ta saurara.

Kafin azahar sai ga Madam ta turo ƙofa, fuska ba annuri, waya a hannu. Na ajiye tiren a hannun kujera, na miƙe da cokulana. Na gama hango kaina a jirgi, da abin da Gwaggo za ta yi mini kafin jirgin.

"Wa kika kira boka?"

Baba ya ce, "Kunna mini in ji."

Ta kunna. Muryata ta cika falon, Turancin duk ya karkace. Ya sa ta sake kunnawa. Ya ce 'yan jarida sun sha rubutu a kansa, amma ba wanda ya taɓa yabonsa kamar haka, kuma in aka sallame ni shi ma a sayo masa tikiti.

Madam ta zauna a hannun kujera tana danne dariya. Ta ce, "Har yanzu kin bar aikin?"

Na ce, "Madam, ki ɗan matsa, a kan tirena kika zauna."