Ranar da Baba ya bar tuwonsa a kan tebur

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, domin shi kansa ba mai son a yi ta ambatonsa ba ne. Bana shirun ya gagare ni. Wani labule mai kauri na tarar an rataya a tagar wani gidan abinci a unguwarmu, nan Rijiyar Zaki. Na tambayi mai wurin dalili, ya ce masu tsayawa a waje ne ke damun kwastoma da kallo. Yana faɗa yana murmushi, kamar wanda ya gano maganin sauro. Tun ranar raina yake a ɓace.

Baba manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, kowa ya san damin da maƙwabcinsa ya ɗaure. A ƙofar gidanmu ake ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a layin zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ci tare. Baba ne ke jera kwanukan, kuma sai ya cakuɗa su kafin a ɗaga faifai, don kada mai miyar kuka tsura ya ji kunyar wanda aka zuba wa tasa man shanu. Kowa ya san kwanonsa sarai, amma kowa sai ya yi kamar bai sani ba.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana tsaka da fitar da kai, hatsi ya gagari talaka, ita ce shekarar da ciwon ciki ya kwantar da shi. Na ɗauko shi zuwa Kano. Likita ya ja mana kunne cewa kada ya kuskura ya sha maganin ciki babu komai. Matata kuwa ta tafi wankan gida, ni kuma ko ruwan zafi na dafa sai an yi mini uzuri. Saboda haka daga asibiti na biya da shi wani gidan abinci mai ƙofar gilashi da fanka. Aka kawo masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ture cokalin gefe, ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya yanko loma.

Lomar ba ta kai bakinsa ba. Ta cikin gilashin ya hango leburori da 'yan baro sun raɓe a inuwar katanga, a cikinsu har da Malam Sale, maƙwabcinmu na jikin katanga. Gonarsa ta ƙone ƙurmus, ya shigo birni tura baron bulo tun kafin kaka. Ya rame har sai da na ƙura masa ido kafin na shaida shi. Baba ya miƙe da ƙyar ya leƙa ya kira shi, shi kuma ya taso yana kakkaɓe riga. A bakin ƙofa mai wurin ya tare shi.

"Alhaji, nan ba gidan sadaka ba ne. In kana so a ƙulla masa a leda."

"Sadaka?" in ji Baba. "Yaro, tun ba a haife ka ba hannuna da na mutumin nan ke shiga kwano ɗaya."

Na ce a kawo wani farantin zan biya. Mai wurin ya ce ba maganar biya ba ce, jikinsa duk siminti, ga manyan mutane suna cin abinci. Baba ya ɗauki farantinsa zai fita da shi, aka ce faranti ba ya fita. Su kuwa manyan mutanen, ko ɗaya bai ɗago kai ba. Cokula suka ci gaba da ƙara. Har gobe wannan ya fi ci mini rai a kan rashin kunyar mai wurin, domin na tabbata rabinsu irina ne, 'ya'yan manoma da aka yi wa goyo a bakin kunyar gona.

Baba ya dire farantin ya fita. Ya zauna a bakin kwalbati kusa da baron, ya ce, "Sale, sun hana ni ci. Me kake da shi?" Malam Sale ya zaro wani ƙullin leda, dafaffen rogo ne da garin ƙuli, abincinsa na wunin ke nan. Suka sa hannu. Ina tsaye ina kallon mai ciwon ciki yana tura rogo. A kansa ya sha maganinsa. Da na sa aka ƙullo tuwon na kawo, ya nuna mini sauran leburorin, ko kallonsa bai yi ba.

Daga ranar bai sake yarda ya taka irin wuraren ba, abin da na sayo daga can ma ba ya taɓawa. Ya matsa sai na mai da shi gida, alhali ba a gama gwaje-gwajen ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na haɗa shi da ƙannensa, duk a banza. Bai ga damina ta gaba ba. Ban ce gidan abinci ne ya kashe mini uba ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san inda aka karya masa zuciya, kuma ban yafe ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga unguwarmu yau. Kowane layi da gidan abincinsa, wannan na shawarma, wancan na gasasshen kifi, kuma yunwar ta fi ta wancan lokacin. Mutum zai sa a cika masa tebur, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya, ya tsakuri kaɗan ya tashi, a kwashe sauran a juye a bola. An ajiye mai gadi da dorina don kada wani ya matso. Na san masu wuraren suna da kukansu, ga haya, ga gas, ga shinkafar da kullum sai ta ƙara kuɗi. Ban ce su ciyar da gari kyauta ba. Amma mai tuwon rumfa a bakin tasha ita ma tsadar take sha, kuma ban taɓa ganin ta duba rigar mutum kafin ta nuna masa benci ba. Wulaƙanci ba tsada ce ta kawo shi ba, mu muka koye shi, har muna ganin wayewa ce.

Baba bai bar dukiya ba. 'Yan gonakinsa mun raba, kowa ya samu abin da bai kai ya kawo ba. Ciyayyar ma na ɗauka ta bi shi, domin kwanukan sun yi ta raguwa shekara bayan shekara. Bara, da rumbuna suka yi ƙasa tun kafin bazara, yayyena suka yanke shawarar kowa ya ci nasa a cikin gida, a huta da tonon asiri. Ina can ranar da aka fara. An idar da magariba aka watse, babu wanda ya shimfiɗa tabarma.

Can sai muka ji sallama. Malam Sale ne, ya tsufa, yana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da kwano. Ya zauna a ƙasa a ƙofar gidanmu shi kaɗai. Babban yayanmu ya fita ya durƙusa ya ce, "Baba Sale, ai an daina."

"Ku kuka daina," in ji shi. "Ni dai na fito da nawa."

Ya ɗaga faifan. Kwaɗon rama ne, ko mai babu. Yayanmu ya miƙe ya shiga gida ya ɗauko tabarma.