Ranar da Na Kira Sunanta a Birmingham

'Yata ta fari tana da shekara goma sha bakwai lokacin da wata mawaƙiya mai waƙa da Sifaniyanci ta shigo mana gida ta cikin waya. Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turancin Manchester, ita ce ta haddace baiti bayan baiti a harshen da babu mai jin sa a duk danginmu. Tana wanke-wanke tana rerawa, tana guga tana rerawa. Na ce mata da haka ta riƙe hadda, da tuni mun sha walimar sauka. Ko a jikinta.

A duk shekarun nan ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na taso na tarar a gidanmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. "Ke" nake ce mata, in ina ba da labarinta kuma in ce "yarinyar nan". Ko a asibiti aka tambaye ni sunan, katinta nake miƙawa. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba.

Da mawaƙiyar ta fito zagayen ƙasashe ta iso Ingila, tikitin Manchester ya ƙare kafin mu gama gardama, sai na Birmingham aka samu. Ni dai na ƙi, babanta ya yarda, aka fi ƙarfina. Ranar Asabar da sassafe ta tafi da ƙawayenta biyu, wai sai sun yi layi tun safe za su sami gaba.

Wajen azahar na shiga share ɗakinta, sai ga inhela ɗinta, abin da take shaƙar magani da shi, a kan taga. Tana da asma tun tana ƙarama, kuma na sha gani a wayarta irin hayaƙin da ake fesa wa mutane a wajen wasan nan. Na kira wayarta ya fi sau goma, ba ya shiga. Babanta yana bakin aiki a ɗakin tiyata. Na zura hijabi, na hau bas daga unguwarmu ta Moss Side zuwa tashar jirgin ƙasa, inhelar tana cikin tafin hannuna har muka isa.

Da la'asar sakaliya na isa filin da ke gaban zauren da za a yi wasan, rana tana nan tarwai. Na zaci zan tarar da hayaniya da ihu, sai na tarar da abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Dubban 'yan mata sun yi layi, kowacce ta rufe fuskarta da hoton fuskar mawaƙiyar da aka buga a kwali, an huda wajen idanu. Fuska ɗaya ce tak ko'ina na duba, da jan baki, da murmushin da ba ya motsi. Daga bayan bakunan nan da ke rufe waƙa take fitowa, a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, duk suna rangaji gefe guda. Babu mai hira da wata. Na yi a'uziyya na kutsa cikinsu.

Na koma duba takalma da hannuwa, tunda fuska ba ta da amfani. Masu ɗankwali a ƙarƙashin kwalin sun fi yadda na zata yawa. Na taɓa kafaɗar wata, ta juyo, idanu shuɗaye suka leƙo ni ta hudar. Na taɓa wata, ba ita ba ce. Wani mai gadi ya ce mini nan da kwata za a buɗe ƙofa, kuma marar tikiti iyakarsa waje. In ta shiga cikin hayaƙin nan babu inhela, ni na san abin da zai biyo baya, na kwana da ita a asibiti ba sau ɗaya ba.

Na ɗaga murya na ce, "Ke!" Wa zai amsa "ke" a cikin dubban mata? Na tsaya ina jin nauyin bakina kamar an ɗaura masa dutse. Sai na rufe ido na kira sunan. Karon farko a shaƙe ya fito. Na biyu ya fi. A na uku sai da na ji maƙogwarona ya yi zafi.

Waƙar ta yanke a ɓangaren da nake. Fuskokin nan suka juyo gaba ɗaya suna kallona, duk da murmushi iri ɗaya. Guda ɗaya ce kawai ba ta juyo ba. Tana can kusa da shingen ƙarfe, ta ba ni baya, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Wannan numfashin ko cikin barci na san shi.

Na ture mutane na isa gare ta, na fizge kwalin. Fuskarta sharkaf da hawaye, tana karanta Ayatul Kursiyyu a guntule, ƙirjinta yana fito. Ta gan ni ta ja da baya, sai da na kama hannunta ta ji ɗumin jikina. Na sa mata inhelar a baki, ta ja sau biyu, muka durƙusa a jikin shingen har numfashinta ya daidaita. Sannan faɗana ya dawo.

"Kina jina ina kira kika yi banza da ni? Tun daga Manchester fa nake!"

"Na ji, Mum," ta ce. "Three times. Amma ke kika ce in na ji an kira sunana ban ga mai kiran ba, kar in amsa."

Gaskiya ne, ni na koya mata, kamar yadda aka koya mini, don ba kowane mai kira ne mutum ba.

"To ba ki gane muryata ba ne?"

"Muryarki ce, that's why na tsorata. Na san ba ke ba ce. Ke ba kya kiran sunana."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba irin kunyar da aka koya mini ba ce. Aka buɗe ƙofa, layi ya fara tafiya, ƙawayenta suna yi mata hannu. Ba ta tashi ba. Ta share ido ta ce, "Sake faɗa, ina kallon bakinki."

Na buɗe baki, ga ta a gabana tana jira, sunan ya ƙi fita.