Kiriya Matula, Mai Kula da Malaman da Ba Sa Magana

Kafin jirgin ruwan safe ya shigo tasha, Kiriya Matula Gerodimu (Kiriya a nan Girka kamar a ce Uwargida ne) ta riga ta sauka matattakalar da ke bayan makarantar likitocin garinmu, ta buɗe ɗakin ƙasa. Takan fara da zuba man zaitun a 'yar fitilar da ke lungu ta kunna. Sai ta bi tebura ɗaya bayan ɗaya, tana gyara farin ƙyallen da aka lulluɓe kowace gawa da shi, tana gaishe su da sunayensu kamar maƙwabta. Bayan nan ne take ɗora tukunyar gahawa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa makullai.

Ita ba likita ba ce. Aikinta shi ne ta karɓi jikin mutanen da suka bar wasiyya a koyi aiki da su bayan ransu, ta wanke, ta sa magani, ta adana, domin ɗalibai su ga yadda aka gina ɗan Adam kafin su taɓa mai rai. Malamai take kiran mamatan nan, kuma duk ɗalibin da ya yi shewa a kansu, ranar zai sha iska a waje.

Makarantarmu tana tara yara daga ko'ina a Turai. Ranar farko sukan shigo fuska a kwaɓe don tsoro. Sai ta tsaya a gabansu, hannu a ƙugu.

"To, 'ya'yana, kowa ya faɗa mini yadda ake kiran wannan darasi a gidansu."

Bafaranshiya ta ce anatomi. Bajamushe ya ce su ma haka. 'Yar Italiya da ɗan Rasha suka ce anatomiya, kowa da irin lanƙwasar harshensa.

"Ashe duk kayanmu kuka kwashe, ko na gode babu!" in ji ta. Sai ta fasa musu kalmar gida biyu: tomi a Girkanci yanka ne, kalmar ana kuwa tana nufin sama, wato a yanka abu a buɗe shi tas. Likitocin da suka yi rubutu da Latin ne suka ara a wurin kakanninmu, daga littattafansu ta watsu ƙasa-ƙasa.

Wata shekara wani dogon yaro ɗan Holan ya ce su suna da tasu ta gida, ontleedkunde, ilimin rarraba gaɓoɓi. Wata yarinya 'yar Aislan mai suna Hrefna ta ce tasu líffærafræði, ilimin sassan jiki, babu ko wuƙa a cikinta.

"Sake faɗa in ji," in ji Kiriya Matula. "A'a, bari, 'yata, kar ki karya harshenki. Sai wata mai zuwa za mu kai darasin harshe."

Dariya ta ɓarke, tsoro ya gudu.

Sai dai ita ta san abin da ke ƙarƙashin wannan wasa. Baƙo yakan furta kalmar bai ji komai ba, aro ce a bakinsa. Mu kuwa Girkawa, da an faɗe ta, wuƙa muke ji. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa son a yi musu zancen. Masu bayar da jikinsu suka yi ta raguwa, har aka wayi gari tebura sun kusa zama wayam. Shugabannin makaranta suka zauna, suka ce in abin bai sauya ba, za a rufe ɗakin, yara su koma kallon hotuna a kwamfuta. Ba mugunta ba ce, babu ce.

Nan aka san maci tuwo. Kiriya Matula ta fara hawa motar ƙauye duk ranar hutunta, tana bin shagunan gahawa inda tsofaffi ke buga karta suna jan carbi. A wani ƙauyen masunta, tana leƙawa wani Barba, wato dattijo, ya ɗaga murya:

"Ga mahauciya ta iso! Kowa ya ɓoye tsohonsa!"

"Kai dai kwantar da hankalinka, Barba Sotiris," in ji ta. "Hantar da giya ta cinye, me yara za su koya a cikinta?"

Shago ya ɗauki dariya. Can lungu wani tsohon masunci, Barba Timiyos, bai yi dariya ba. Shekarun baya igiyar injin jan koma ta yage masa hannu, wata likita ta ɗinke jijiyoyin. Ya ɗaga hannun yana motsa yatsu.

"Wadda ta ɗinka wannan, a jikin wa ta koya?"

"A jikin wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba, Barba."

Ya kurɓi gahawarsa. "To, ni ma in teku ta gama da ni, ki aiko a ɗauke ni."

Da sanyi ya shigo, tsohon ya cika, aka kawo shi bisa wasiyyarsa. Washegari sai ga matarsa, Kiriya Asimo, cikin baƙaƙen kaya, ɗanta na biye da ita da motar kifi.

"Ba ni mijina," in ji ta tun daga bakin ƙofa. "Anatomiya! Kina zaton ban iya Girkanci ba? Gunduwa-gunduwa za ku yi da shi kamar kifin miya."

"Kin iya, Kiriya Asimo, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Za a yanka."

"Ka ji ko!" matar ta ce da ɗanta. "Kuma ina zan kai masa fure? Ina zan je in yi masa faɗa? Shekara hamsin ina yi masa faɗa kullum!"

Doka tana bayan makaranta, amma Kiriya Matula ba ta ko ambace ta ba. Ta jawo kujera, ta zuba gahawa, ta ajiye ruwan sanyi a gefe.

"Naki ne. In kin ce a sa shi a mota, da hannuna zan taya ɗanki. Amma in kin bar mini shi aro, bayan shekara biyu zan maido miki shi cikakke, ko farce ba zai ɓata ba. Za a binne shi a ƙauyenku, a yi masa addu'a yadda ake yi wa kowa. Yaran da suka koya a jikinsa su za su ɗauki akwatin."

"'Ya'yan masu kuɗin Turai? Su ɗauki masunci?"

"Za su ɗauka."

Matar ta daɗe tana kallon kofin. Daga ƙarshe ta miƙe, ta gyara ɗankwali. "Ba ya son sanyi a ƙafa," in ji ta. "Ki riƙa rufe masa."

Ta rufe masa, kullum. Ta kuma je gaban shugabanni ta roƙi a jinkirta rufe ɗakin har ta sauke wannan kaya, aka amince.

Duk wanda ya je ƙauyen ranar da aka maido Barba Timiyos ba zai manta ba. Mota cike da ɗalibai ta tsaya a bakin gaɓa, kowa cikin farar rigar aiki. Dogon ɗan Holan a gaba, Hrefna a gefensa, suka saɓa akwatin suka hau tudun coci, suna karɓa-karɓa. Limamin coci ya yi addu'a, aka raba dafaffiyar alkama da rumman da sukari, sadakar mamaci a al'adarmu. Wata ɗaliba ta tsaya, da karyayyen Girkancinta ta ce a hannun wannan dattijo ta koyi jijiyoyin yatsu, kuma ta ga tsohon ɗinki a ciki, aiki mai kyau. Kiriya Asimo ta rungume ta tana kuka, tana cusa mata alkama a hannu.

Gani ya kori ji. Kafin a watse, Barba Sotiris mai tsiya ya matso yana murza hula.

"Ita hantar nan, da gaske ba ta da amfani?"

"Kawo ta haka nan, Barba. Yara su ga abin da za su riƙa hana mutane."

Daga wannan ƙauye labari ya tsallaka zuwa na gaba, ya hau duwatsu, ya shiga birni. Mutane suka fara zuwa da ƙafarsu. Ba a sake zancen rufe ɗakin ƙasa ba, kuma duk wanda aka gama karatu da shi, haka ake raka shi gida.

Ke ce, Kiriya Matula, kika tsaya tsakanin masu rai da mamata ba ki cuci kowa ba. Ke ce uwar ɗakin marasa baki. Likitocin da suka bi ta hannunki suna asibitoci daga nan har ƙasashen ƙanƙara, kuma marasa lafiyarsu ba su san sunanki ba. Mu mun sani.

A walimar bankwana da aka yi mata makon jiya, shugaban sashe ya ce ɗakin zai yi kewarta. Ta ajiye cokali.

"Wa ya ce na tafi, Farfesa? Hutu zan je. Zan dawo aiki, sai dai wannan karon a kwance, kuma ni ce malamar."

Kowa ya miƙe tsaye, aka yi ta tafi har gilasai na rawa a kan tebur.

Mun gode, uwa. Allah ya sa hutun nan ya yi tsawo sosai. Ku kuma da kuke riƙe da amanar wanda ba shi da bakin ƙara, ko mara lafiya ne, ko tsoho, ko wanda ya riga mu, ga wadda za ku kalla. Ta yi wa mamaci alkawari, ta san ba zai tashi ya tambaye ta ba, ta cika.