Zufar Madam Zainabu a Gaban Allo

Har yau ban mance da ranar da Madam Zainabu ta dire mana gwangwanin man hammata bisa tebur ba. Ku da kunka shigo ƙungiyar nan bayana, kun tarar da ƙa'idar yi wa mai saye bayani kafin a miƙa mata kaya. Daga kuskurena ta samo asali.

Lokacin shekarata ta biyu ke nan cikin ƙungiyar matan unguwarmu a Tawa. Muna yin sabulu da man shafawa, sai munka ƙaro man hammata, wanda ake haɗawa da man kaɗanya, kakin zuma, garin sitati da kanumfari. Hajiya Rabi ce shugaba, ita ke duba kowane haɗi kafin a zuba a gwangwani. Ni kuma anka ba ni teburin sayarwa, don an ce bakina bai mutuwa.

Farkon watan Afirilu wata mata ta zo, ta ce sunanta Zainabu, tana koyarwa a lakkol ɗin firamare a Kalfu. Ta sassauta murya ta gaya mini turaren feshi na kanti da take sawa ya sa hammatarta ƙaiƙayi da ƙuraje, har ma'aikaciyar likita ta ce ta huta da shi. Sai ta tambaye ni, “Wanga naku yana aikin wancan kuwa?”

Na ce, “Madam, har ya fi shi.” Ban ƙara komai ba, ta saya ta tafi.

Ga abin da ban gaya mata ba. Irin feshin da ta saba da shi tsai da zufa yake yi. Namu bai tsai da zufa, wari kaɗai yake karewa. Na san haka sarai, amma na ji tsoron in na faɗa za ta aje ta wuce.

Bayan sati biyu, ran Asabar da hantsi, sai ga ta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta aje gwangwanin. Ta ce sufeto ya zo ajinta don jarrabawar tabbatar da ita a aiki. Wagga jarrabawa, sufeto ke zama bayan aji yana kallon yadda malama ke ba da darasi, abin da ya rubuta shi ke bin ta. Ta sa shaddarta ruwan sararin sama, ta ɗaga hannu tana rubutu a allo, sai ta ji yara na ƙus-ƙus suna dariya. Ashe zufa ta jiƙa rigar har haƙarƙari. Daga nan ta matse hannuwa a jiki, ta kasa komawa allo, darasin ya watse mata. Sufeto ya ce bai rubuta komai ba, zai dawo bayan sati uku.

“Shekara huɗu ina jiran ranar nan,” in ji ta, idonta ya cika da hawaye. “Kin dube ni kin ce ya fi.”

Hajiya Rabi ta fito daga ɗakin haɗi, hannunta duk mai. Ta tambaye ni, “Hadiza, mi kika ce mata?” Na maimaita. Ba ta yi mini faɗa gaban baƙuwa ba, ta dai ce, “To, ba ta haƙuri.” Na ba ta haƙuri.

Hajiya ta jawo wa Madam kujera, ta sa anka kawo ruwa, sannan ta ce, “Ɗiyata, ranar kin ji wari a jikinki?”

Madam ta ce a'a.

“Ƙurajen fa?”

“Sun mutu, Inna.”

Hajiya ta ce, “To aikinshi ke nan, iyakarshi kuma ke nan. Zufa za ta zo, balle cikin wanga zafi. Mu munka yi laifi da ba mu gaya miki ba.” Sai ta faɗi abin da ban zata ba. Ta ce in Madam ta ga hankalinta zai fi kwanciya da na kanti ranar da sufeto zai dawo, ta tambayi ma'aikaciyar likitar, in ta yarda ta sa abinta, ba wanda zai ga laifinta. Aikinta ya fi gwangwaninmu.

Madam ta ce ba ta son komawa ga ƙaiƙayin nan. Hajiya ta kira Mariyama, telar ƙungiya. Mariyama ta ce shadda mai haske ita ke tona zufa, a nemi atamfa mai duhu da zane da yawa, a yi ɗinkin da sakewa, ita kuma za ta sa ƙyallen auduga ninki biyu ta ciki wajen hammata. Hajiya ta ƙara da cewa ta riƙa goge wurin da ruwa lokacin hutun yara, ta bari ya bushe, ta sake shafawa kaɗan.

Da rigar ta kammala, Hajiya ta ce ni zan kai ta Kalfu da kaina. Na shiga mota ran kasuwa, duk hanya ina tunanin da wace fuska Madam za ta karɓe ni. Na same ta an tashi yara. Ta gwada rigar, ta ɗauki alli, ta ɗaga hannu har saman allo, ta ce, “Koma bayan aji ki gaya mini gaskiya wannan karon.” Na koma na duba, na ce ban ga komai ba. Ranar ta fara yi mini dariya.

Sufeto ya dawo, ta ci jarrabawarta. Ta kira ni a waya ta ce zufa ta yi ta kamar kullum, amma ko sau ɗaya ba ta tuna da ita ba.

A taronmu na wata anka yanke cewa duk mai saye a gaya mata bai hana zufa, a gaya mata jikin da ya saba da na kanti yana son ƴan kwanaki kafin ya daidaita, kuma in ta ga ƙaiƙayi ta daina ta je likita. Madam Zainabu ce ta rubuta mana bayanin da Faransanci, ni na rubuta Hausar, anka manna a kowane gwangwani.

Wasu matan in sun ji bayanin aje gwangwanin suke su tafi, ina kuma yi musu sai an jima da fara'a. Matar da ta sassauta murya ta gaya miki abin da ke cikin hammatarta, sirrinta ta ba ki. Ki faɗa mata abin da kayanki ke yi da abin da ba su yi, tun ba ta tsaya gaban mutane ba.